Tirim a wutsiyar ƙaramin jirgin sama ƙirar gida: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai da makanikai da masu walda a Birnin Kebbi da Jega da Aliero suke yawan yi idan hira ta kai ga ƙera ƙaramin jirgin sama mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. Roda ita ce ɓangaren wutsiya da ke tsaye, mai kaɗawa hagu da dama, wadda matuƙi yake sarrafawa da feda biyu a ƙarƙashin ƙafafunsa. Tirim kuwa dabara ce da ke riƙe rodar a ɗan karkace don ƙafar matuƙi ta huta. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, tirim aikin ƙarshe ne, ana yin sa bayan an tabbatar jirgin a miƙe yake.

Malam, me ya sa jirgi yake karkata hanci hagu alhali ban taɓa komai ba?

Farfela ce. Injinan Lycoming da Continental da Rotax 912, idan an ɗora su a hancin jirgi, suna juya farfela zuwa dama a ganin wanda ke zaune a kujerar matuƙi. Iskar da farfelar ke turowa baya ba ta tafiya a miƙe, murɗawa take yi tana zagaye jikin jirgin har ta bugi gefen hagu na wutsiya. Wutsiya ta matsa dama, hanci ya koma hagu. Bayan haka, idan hanci yana sama lokacin hawa, reshen farfela mai saukowa, wato na dama, ya fi mai hawa cizon iska, sai gefen dama ya fi ja. Ƙarfin juyin injin ma yana neman mirgina jirgin hagu. Duk waɗannan sun fi tsanani lokacin da aka ba inji wuta sosai kuma gudu bai yi yawa ba, wato tashi da hawa.

Wanda ya ɗora injin Volkswagen ya lura, yawancinsu juyin farfelarsu kishiyar wannan ne, don haka jirginsa dama zai riƙa ja. Ka tsaya bayan jirginka ka ga inda farfelarka take juyawa kafin ka ɗauki maganar kowa.

To yaya ɗan guntun alminiyam zai hana wannan?

Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a Yawuri ya ga yadda na baya yake tsoma filafili a ruwa ya ɗan karkata shi, jirgin ya bi inda yake so ba tare da ya yi tuƙi ba. Haka roda take yi wa jirgin sama. Shi kuma ɗan harshen alminiyam na tirim da ake maƙalawa a bakin rodar na baya, abin da roda take yi wa jirgi shi yake yi wa roda. Iska ta buge shi, ya tura bakin rodar gefe guda. Ƙarami ne, amma yana can nesa da hinji, saboda haka ɗan ƙarfinsa ya isa ya riƙe rodar a inda ƙafarka take riƙe ta a da.

Wane gefe zan lanƙwasa shi?

Nan ne aka fi rikicewa, don haka a karanta a natse. Ka tsaya a bayan jirgi kana kallon hancinsa. Idan a sama ƙafar dama kake dannawa kullum, to rodar dama kake buƙata, sai ka lanƙwasa harshen zuwa hagu. Iska za ta tura shi, shi kuma ya kai rodar dama, hanci ya bi dama. Idan ƙafar hagu ce take gajiya, harshe ya tafi dama. Harshe da roda kullum hannun riga suke. Idan weji za ka sa maimakon harshe, wato ɗan katako ko roba mai kauri a gefe ɗaya, a gefen hagu na rodar ake manna shi ga mai neman hutun ƙafar dama, ɓangaren mai kauri yana ta baya.

Ka rubuta wannan da alƙalami a jikin takarda ka liƙa a garejinka. Mutum yana iya saninsa sarai, amma da ya durƙusa a bayan wutsiya da filaya a hannu sai lissafin ya juye masa.

Ta yaya zan san cewa roda ce matsalar, ba fiffike ba?

Ta 'yar ƙwallon nan da ke cikin lanƙwasasshen bututun gilashi a gaban matuƙi. Ka miƙe jirgi a gudun tafiya, ka daidaita fikafikai da sandar tuƙi, ka janye ƙafafunka a hankali daga feda. Idan ƙwallon ta gudu dama, jirgi yana neman ƙafar dama. Idan ta zauna a tsakiya amma da ka saki sanda fiffike ɗaya ya faɗi, wannan nauyin fiffike ne, roda ba ta da laifi.

Akwai tarko a nan. Jirgin da ke tafiya a karkace yakan sauke fiffike ɗaya, sai mai shi ya ɗauka fiffiken ne mai nauyi, ya je ya taɓa ailaron, wato ɓangaren bayan fiffike mai motsi da ke karkata jirgi. Ya gyara abin da bai lalace ba, ya ƙara wa kansa matsala ta biyu. Don haka a fara da ƙwallo, ta zauna a tsakiya tukuna, sannan a duba fiffike. Kuma man da ke tankin hagu da na dama ya zama daidai lokacin gwaji.

Ita kanta ƙwallon tana iya yin ƙarya idan an ɗaura ta a karkace. Ka ajiye jirgi a daɓen siminti, ka ɗora ma'aunin magina mai kumfa a inda zanen jirgin ya ce a auna, ka sa katako a ƙarƙashin taya har kumfar ta tsaya a tsakiya. A lokacin ƙwallon ma dole ta kasance a tsakiya. In ba haka ba, ka sassauta sukurorinta ka juya ta. Wasu suna tambaya game da zaren ulu da ake liƙawa a gilashin gaba kamar yadda masu jirgi marar inji suke yi. Yana aiki idan farfela tana baya, amma idan tana gaba, iskarta za ta riƙa karkatar da zaren.

Me zan duba kafin in huda rodar?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina, kuma ita aka fi tsallakewa saboda ba ta da daɗin yi. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Yawancin karkatar da ake gani a sama, a ƙasa aka gina ta.

Ka ɗauki tef ɗin awo ka auna daga ƙarshen fiffiken hagu zuwa wata alama a tsakiyar wutsiya, ka maimaita daga na dama. Su zo ɗaya. Ka ja zare daga tsakiyar hanci zuwa tsakiyar wutsiya ka ga ko tsayayyen ɓangaren wutsiyar yana kan layi. Amma ka karanta zanen kafin ka yanke hukunci, domin wasu masu zane da gangan suke ɗan kautar da shi, wasu kuma su ɗan karkata mazaunin inji zuwa dama don rage jan hagu. Idan zanenka ya ce a karkata inji kai kuma ka ɗaura shi a miƙe don ya fi kyan gani, ka san inda matsalarka ta fito. Robobin mazaunin inji ma suna lotsawa idan sun tsufa, kuma zafinmu yana gaggauta musu tsufa.

Sai ƙafafu. Murfin taya da murfin ƙafar taya ƙananan fikafikai ne a tsaye, ko ɗaya ya kauce kaɗan zai ja jirgi gefe. Na tayar gaba ya fi ɓarna saboda yana can gaba da tsakiyar nauyi. Masu ƙera jiragen Van's RV, ƙananan jiragen da ake haɗawa a gida, sun san wannan sosai, shi ya sa suke fara gwajin ƙwallo ba murfi, sannan su sa murfin su sake gwadawa. Idan tayar gaba tana haɗe da feda, ka duba ko tana komawa tsakiya idan an ɗaga hanci.

Daga nan ka bi wayoyin roda tun daga feda har wutsiya. Ko suna gogar wani abu? Sifirin da ke jan feda baya, na hagu da na dama ƙarfinsu ɗaya ne? Sifirin ɗaya da ya saki ya isa ya sa roda ta zauna a gefe. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da giris a hinji takan daskare, roda ta ƙi komawa tsakiya da kanta, sai ka ga yau ƙwallo tana dama, gobe tana hagu. Wannan wanki yake so, ba tirim ba.

A ganina, idan bayan duk wannan ƙwallon tana fita rabin faɗinta ko kusa da haka a gudun tafiya, tirim ya dace. Idan tana fita gaba ɗaya daga layuka biyun da ke tsakiyar bututun har da ƙari, akwai abin da ya karkace a jikin jirgin, kuma harshe zai ɓoye shi ne kawai, jirgin ya ci gaba da tafiya a gicciye yana shan mai.

Iri nawa ne, kuma wanne kake ba da shawara?

Mafi sauƙi shi ne harshen da ake lanƙwasawa a ƙasa, irin wanda ke ƙasan rodar Cessna 172. Ƙaninsa shi ne weji, ɗan katako marar nauyi ko roba mai siffar gatari da ake mannawa. Akwai na sifirin, wanda matuƙi yake murɗa wani maɓalli ya ƙara wa feda ɗaya ja, kamar na Piper Cherokee. Sai na lantarki, ƙaramin injin lantarki, wanda ake kira mota, a cikin roda yana motsa harshe mai hinji. Kamfanin Ray Allen na Amurka ya yi suna wajen irin waɗannan motoci.

Ga jirgi mai kujera ɗaya ko biyu da inji wanda bai wuce ƙarfin doki 100 ba, harshe ko weji nake zaɓa ba tare da wani dogon tunani ba. Ba waya, ba batir, ba abin da zai maƙale. Na sifirin yana da wata fa'ida guda: ƙarfinsa ba ya canzawa, don haka ya fi tasiri a ƙaramin gudu, daidai lokacin da jirgi ya fi ja. Kuma ba ya ƙara wa roda nauyi. Amma yana canza yadda feda take ji a ƙafa, kuma duk abin da aka rataya kusa da wayar roda yana iya sarƙewa. Na lantarki sai mai babban inji da doguwar tafiya. Wanda ya sa shi ya tabbata cewa ko motar ta gudu har ƙarshe ta tsaya, ƙafarsa za ta iya rinjayarta, ya kuma sa duba shi cikin jerin abubuwan da yake bi kafin tashi.

Idan na sa harshe, na huta da taka feda ke nan?

A'a. Harshen da ba ya motsi gudu ɗaya da wuta ɗaya yake yi wa daidai, kuma gudun tafiya ake zaɓa domin a nan ake daɗewa. Wajen tashi da hawa za ka ci gaba da danna dama. Wajen saukowa da gudu, wuta a rage, kana iya samun kanka kana danna hagu.

Mu a Kebbi hawan ma ya fi tsawo. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, iska ta yi sako-sako. Lissafin matuƙa shi ne kowane digiri ɗaya sama da ma'aunin zafin da suke lissafi da shi yana ƙara kimanin ƙafa 120 a tsayin da jirgi yake ji. Jirgin da ya tashi daga filin jirgin Birnin Kebbi da ke Ambursa da tsakar rana a bazara zai yi aiki kusan kamar daga tudun Jos ya tashi a rana mai sanyi. Inji ya rage ƙarfi, hawa ya yi nawa, ƙafar dama ta daɗe a danne. Kada wannan ya sa ka ƙara lanƙwasa harshe don hawa, za ka biya bashin a duk sauran tafiyar. Kuma kada hutun ƙafa ya sa ka daina kallon ƙwallo wajen kwanar sauka. Fiffike idan ya daina ɗaukar jirgi alhali ƙwallo tana gefe, jirgin wulwulawa yake yi zuwa ƙasa, kuma a wannan tsayin ba sararin gyara.

Mene ne haɗarin da ake ta faɗa game da nauyi?

Karkarwa. Roda tana rataye ne a hinji, kuma duk nauyin da ke bayan hinji yana sa ta jinkirta idan wutsiya ta girgiza. A wani gudu, jinkirin nan da ƙarfin iska sukan haɗa baki, kowace kaɗawa ta fi ta baya girma, cikin daƙiƙu kaɗan wutsiya ta yage. Ba ta cika yin sallama ba. Shi ya sa jirage masu gudu suke da dalma a gaban hinjin roda don ta daidaita nauyin baya.

Harshen tirim yana zama a wuri mafi muni ta wannan fuska, can ƙarshen baya. Ga misali: giram 20 a nisan santimita 40 bayan hinji sai an sa giram 80 a santimita 10 gaban hinji kafin a rama shi. Ka ga ke nan motar lantarki da sandarta da wayoyinta ba ƙaramin abu ba ne. Idan zanen jirginka ya ba da iyakar daidaiton roda, ka cire ta ka auna bayan ka gama aiki, har da fenti a jiki, domin fenti ma nauyi ne. Harshe mai hinji kuma kada ya kasance yana da wasa. Ka kama shi da yatsu biyu ka girgiza, idan yana ƙas-ƙas to shi kansa zai iya tayar da karkarwar. Iyakar gudun da mai zane ya rubuta tana nan daram, tirim ba ya ɗaga ta.

Zan iya yanka shi daga kwanon rufi ko alminiyam ɗin kasuwa?

Kada ka yi. Alminiyam ɗin rufi da na tukunya laushi gare su, iska za ta miƙar da lanƙwasar a hankali, ko su tsage a bakin ribit. Na jirgi shi ne 2024-T3 ko 6061-T6, kaurin inci 0.025 zuwa 0.032, wato tsakanin milimita 0.6 da 0.8. Ragowar da ta saura daga fatar jirginka ta isa. Tsawon kamar tafin hannu, faɗin da ya fito bayan roda kamar yatsu biyu, ka zagaye kusurwoyin, ka goge bakin da sanfefa har ya yi sumul, domin tsaga daga ƙaramin karce take farawa.

Idan rodarka yadi aka lulluɓa mata, harshen ya kama bututun baki ko haƙarƙarin ciki. Yadi ba ya riƙe ribit. Kafin ka huda, ka kai roda ƙarshen hagu da ƙarshen dama, ka ɗaga elebeta, wato ɓangaren wutsiya na kwance mai motsi, sama ka sauke ta ƙasa, ka tabbata ba inda harshen yake taɓa wani abu.

Gam ko tef ba za su isa ba?

Don gwaji, sun isa. Weji da tef ɗin alminiyam hanya ce mai kyau ta gano girman da kake buƙata kafin ka yi rami ko ɗaya: ka fara da gajere, ka ƙara tsawo ko ka rage. Amma jirgin da ya wuni a rana a nan, fatarsa ba ta taɓuwa da hannu, gam ɗin tef ya yi laushi, ƙura ta shiga ƙarƙashinsa. Da ka samu girman, ka kafe shi da ribit ko gam ɗin da aka yi don jirgi.

Yaya ake gwajin a sama?

Da sassafe, kafin ƙasa ta yi zafi iska ta fara tunkuɗa jirgi sama da ƙasa. Ranar da hazon hunturu ya rufe sararin sama ba a ganin inda ƙasa ta haɗu da shi, a haƙura, domin ba za ka san fikafikanka a daidai suke ba. Da damina kuma a sa ido a gabas. Ka hau ƙafa 3,000 sama da ƙasa, kusa da fili, ka sa wutar da ka saba tafiya da ita, ka jira gudu ya zauna, ka sassauta ƙafafu ka karanta ƙwallo. Ka rubuta gudu da juyin inji da inda ƙwallon ta tsaya.

Ka sauka ka lanƙwasa kaɗan, 'yan digiri kawai. Ka matse gindin harshen tsakanin katako biyu don kada ƙarfin ya tafi kan ribit ko fatar roda. Ka yanka kwali daidai da kusurwar ka ajiye, don idan wani ya jingina da wutsiya ya canza ta ka iya mayarwa. Abu ɗaya ake canzawa a kowane tashi. Alminiyam kuma ba ya son kai da komo, yana taurarewa ya tsage, don haka idan ka wuce wuri har sau da yawa ka yanka sabo. Wanda bai goge da tuƙi ba ya nemi gogaggen matuƙi ya yi masa wannan gwaji.

Sai na sanar da hukuma kafin in yi wannan ɗan gyara?

Jirgin kansa ba ya tashi sai da rajista da izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, kuma lambar jiragen Najeriya da 5N take farawa. Duk abin da ya taɓa roda ko ailaron ko elebeta, a rubuta shi a littafin tarihin jirgi, injiniya mai lasisi ya duba ya sa hannu, ya kuma gaya maka ko gyaran yana buƙatar amincewar hukuma. Masu irin wannan ilimi muna da su a Arewa. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyi, kuma a Kaduna aka haɗa jiragen Air Beetle guda 60 na sojan sama, waɗanda asalinsu zanen RV-6A ne, jirgin da mutane suke ƙerawa a garejin gidajensu.

Wurin gwaji ma a same shi a rubuce. Kebbi tana iyaka da Nijar da Binin, kuma ƙasar Zuru tana maƙwabtaka da Zamfara, inda gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a watan Maris na 2021 saboda matsalar tsaro. Ka je filin jirgin Sir Ahmadu Bello da takardunka, ka yi magana da masu kula da zirga-zirgar sama, su nuna maka yankin da za ka yi shawagi da tsayin da ba za ka wuce ba.

Bayan an gama, me zan riƙa dubawa?

Kafin kowane tashi ka taɓa harshen da hannu, ka gwada kusurwarsa da kwalinka. Ka duba bakin ribit ko akwai baƙin gari a kewaye, alamar yana motsi ke nan. Ka duba layin lanƙwasa ko tsaga ta fara. Idan ka canza farfela, ko ka cire murfin taya, ko ka sake fenti, ka koma sama da sassafe ka sake karanta ƙwallo, domin saitin da ka yi na tsohon yanayin jirgin ne.